Daga ɗauri zuwa tsinken ƙarfe: tarihin gyaran karayar gwiwar hannu ga yara

1. Gabatarwa

Cikin karayar da ke samun yara a gwiwar hannu, fiye da rabi tana faruwa a wuri guda, watau ƙarshen ƙashin damtse, ɗan sama kaɗan da gaɓar. Ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 7, kuma sanadinta sananne ne: yaro ya faɗo daga itace, ko katanga, ko bayan jaki, ya tokare ƙasa da tafin hannu, gwiwar na miƙe. A wurin nan ƙashi yana da faɗi amma ba shi da kauri, don haka yake ɓallewa, guntun ƙasa ya koma baya, bakin guntun sama kuma ya turo gaba, inda babbar jijiyar jini ta hannu take wucewa.

Ƙashin yaro ba ya wuyar haɗewa. Cikin mako 3 zuwa 4 ya kama. Abin da ya sa wannan karaya ta zama abin tsoro ga masu magani shi ne abin da ke biyo baya: hannu ya warke a karkace, ko yatsu su ƙanƙance har abada, ko kuma hannun ya ruɓe a yanke shi. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka yi fama da matsalar, tun daga ɗaurin mutanen da har zuwa aikin fiɗa na yau. Ra'ayin da muke son karewa shi ne, tarihin duka ya rataya ga tambaya guda: ta yaya za a riƙe ƙashi inda aka maida shi ba tare da an shaƙe jinin hannu ba? A ƙarshe za mu dubi inda ƙasar Hausa ta tsaya cikin wannan tarihi.

2. Zamanin ɗauri

Ɗori tsohuwar sana'a ce. Takardar Masar da aka sani da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ƙunshi bayanin raunuka 48, cikinsu har da karayar ƙashin damtse, wadda ake ja a daidaita sa'an nan a ɗaure da ƙyallen lilin. Littattafan Girka da ake danganta ma Hippocrate, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, sun ƙara wani abu muhimmi: mai magani ya riƙa tambayar majinyaci ko ɗaurin ya matse shi, kuma a kwance a sake ɗaurawa bayan ƴan kwanaki, domin kumburi yana hawa yana sauka. A Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe ma ɗori babi na uku na sashen fiɗa cikin littafinsa al-Tasrif, kuma an fassara wannan sashe zuwa Latin cikin ƙarni na 12. Kalmar da ya yi amfani da ita, jabr, ita ce ta ba da sunan aljabara a lissafi, har ma a tsohon Sifaniyanci maɗori sunansa algebrista.

Abin lura a nan shi ne, magabata sun san haɗarin matsi. Sai dai ba su da wata hanyar riƙe ƙashi in ba ta waje ba. Ko a 1852, lokacin da likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya bayyana bandejin filasta mai daskarewa, kayan ɗaurin ne ya sake, dabarar tana nan yadda take. Filasta ma ta fi katako haɗari ta wani fanni, tun da takan zagaye hannu ta bushe, ba ta buɗa ma kumburi ko kaɗan.

A 1881 Richard von Volkmann, malamin fiɗa a jami'ar Halle ta Jamus, ya wallafa wata gajeriyar maƙala da ta sa sunansa ya manne ma wannan nakasa. Ya nuna cewa shanyewar yatsu da ake gani bayan ɗauri mai tsanani ciwon tsoka ne: jini ya yanke, tsokar zira'i (tsakanin gwiwa da wuyan hannu) ta mutu, tabo ya maye gurbinta, tabon ya tsuke ya jawo yatsu ciki kamar ƙafar shaho. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: majinyatan da Volkmann ya gani, a Turai aka ɗaure su, kuma da yawa likitoci ne suka ɗaure su.

Ko iyakar da ke tsakanin maɗori da likita ba ta da tsauri a wancan zamani. Hugh Owen Thomas (1834-1891), wanda ake ɗauka uban ilimin gyaran ƙashi a Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne na tsibirin Anglesey a ƙasar Wales. Mahaifinsa ɗori yake yi a Liverpool, shi ya tura shi karatun likita. Thomas ya yawaita rataye hannu a wuya, gwiwa na lanƙwashe, kuma Robert Jones, wanda ya tashi a gidansa, ya yaɗa wannan dabara ga karayar gwiwar yara. Hikimarta ita ce, idan aka lanƙwasa gwiwa sosai, tsokar bayan damtse da tantanin da ke lulluɓe da ƙashi sukan miƙe su danne guntun a wurinsa. Amma gwiwar da ta kumbura, idan aka lanƙwasa ta haka, jijiyar jinin gabanta takan matse. Mai magani ya shiga tsaka mai wuya ke nan: in ya lanƙwasa, jini ya tsaya, in ya sassauta, ƙashi ya goce.

3. Abubuwa uku da suka buɗe hanya

Kafin a yi tunanin gyara ƙashi daga ciki, sai da aka samu abubuwa uku. Na farko, maganin sa barci lokacin fiɗa, wanda aka gwada a bainar jama'a a Boston cikin 1846. Na biyu, tsabtar da ke kashe ƙwayoyin cuta, wadda Joseph Lister ya bayyana a 1867. Kafin nan, buɗe fata a kan karaya kusan kiran ajali ne. Na uku, gani. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda a asibitocinmu na Nijar ake ce ma radiyo. Cikin ƴan watanni Robert Jones ya yi amfani da shi wajen neman harsashi a wuyan hannun wani yaro, kuma a 1898 Albert Mouchet ya gabatar da kundin digirinsa a Paris a kan karayar ƙarshen ƙashin damtse, tare da hotunan wannan haske.

Hoton ya zo da tasa wahala. Gwiwar ƙaramin yaro yawancinta guringuntsi ne, shi kuwa guringuntsi ba ya fita a hoto. Cibiyoyi shida ne ke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 zuwa wajen shekara 11 ko 12, saboda haka wanda bai san jerinsu ba yana iya ɗaukar lafiyayyen wuri a matsayin karaya, ko ya ga karaya ya wuce ta. Likitoci sun ɗauki shekaru suna koyon karanta waɗannan hotuna. A 1929 Ernst Baumann na ƙasar Suwis ya bayyana wata kusurwa da ake aunawa a hoto don sanin ko guntun ya karkata gefe, kuma ana amfani da ita har yau.

Wannan awo ya taimaka wajen warware wata tsohuwar gardama. Yara da yawa sukan warke da hannu karkatacce ciki, mai siffar gindin bindiga, kuma an daɗe ana cewa girman ƙashi ne ya lalace. Binciken tsakiyar ƙarni na 20, musamman na Lyman Smith a 1960, ya nuna cewa mafi yawan lokaci guntun ne ya kama a karkace tun farko. Ƙarshen ƙasa na ƙashin damtse kashi 20 bisa 100 kaɗai yake bayarwa na tsawon ƙashin, don haka girma ba ya gyara karkatar gefe a wurin kamar yadda yake gyarawa kusa da kafaɗa. Ma'ana, abin da aka bari a makon farko shi yaro zai ɗauka har tsufa, sai fa in an sake yanka ƙashin an daidaita.

4. Ja da nauyi, da shigowar tsinke

Mafita ta farko daga tsaka mai wuyar nan ita ce a daina ɗaurewa. A 1939 John Dunlop na Amurka ya bayyana hanyar kwantar da yaro a gado, a miƙa hannunsa gefe, a rataya masa nauyi yana ja a hankali. Wasu kuma sukan soka ƙarfe a ƙashin tsinin gwiwa su rataye hannun sama. Jini yana gudana, kumburi yana sauka, ana ganin hannu kullum. Kuɗin da ake biya shi ne mako 2 zuwa 3 a gadon asibiti, tare da uwa ko kaka da ta bar gida don jinya.

A ɗaya gefen, tun 1907 Albin Lambotte na Beljiyam yake koyar da haɗa ƙashi da ƙarfe ta hanyar fiɗa. Amma buɗe gwiwar yaro ya yi ƙaurin suna, domin sau da yawa gaɓar takan sandare. Walter Blount na Milwaukee, cikin littafinsa kan karayar yara na tsakiyar shekarun 1950, ya yi kakkausar suka ga yawan yi ma yara fiɗa, ya koma ga lanƙwasawa da rataya a wuya. Abin mamaki, a ƙasashe masu Faransanci ne sunansa ya fi zama, inda har yau ake kiran wannan dabara hanyar Blount, kuma ana yin ta ga karayar da ba ta goce ƙwarai ba.

Abin da ya sulhunta ɓangarorin biyu ɗan siririn ƙarfe ne. Martin Kirschner na Jamus ya fito da shi a 1909 don jan ƙashi. Daga baya aka gane ana iya soka shi ta fata, ya ratsa guntun ƙasa ya kama na sama, ba tare da an tsaga gaɓar ba. Jean Judet ya bayyana haka a Paris cikin 1947, da tsinke guda ta gefen waje, wanda daga baya aka maida biyu. A 1948 Alvin Swenson a Amurka ya bayyana tsinke biyu masu gicciye juna, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Da zarar tsinke ya riƙe ƙashi, ba sauran dalilin lanƙwasa gwiwa fiye da kima ko matse ɗauri. Riƙon ya koma cikin ƙashi, nama ya samu wurin kumbura.

Duk da haka dabarar ba ta bazu nan da nan ba, domin da farko a makance ake sukar. Sai da na'urar da ke nuna ƙashi a allo lokacin aiki, wadda ta fito cikin shekarun 1950, ta wadata a ɗakunan fiɗa. A 1974 Joseph Flynn da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon shekara 16 na wannan aiki, tare da ma'aunin da ke raba kyan siffar hannu da iya motsinsa. A 1988 likitocin Toronto suka gwama hanyoyi dabam-dabam a kan yara 230, suka samu cewa tsinke ya fi filasta kaɗai kyakkyawan sakamako. A Nancy ta Faransa kuma, Jean-Paul Métaizeau da Jean Prévot suka ɓullo da tura ƙarafa masu lanƙwasuwa ta cikin ramin ɓargo daga sama. Gardamar da ta biyo baya ta tsaya ga tsinken gefen ciki, wanda yakan taɓa jijiyar motsi da ke bi ta bayan ƙashi a wurin, irin wadda in an buge ta mutum ke jin tsirr har ƙaramin yatsa. Ayyukan David Skaggs a farkon shekarun 2000 sun nuna cewa tsinke 2 ko 3 ta waje kaɗai, in an baza su da kyau, suna riƙewa.

A yau, ga karayar da ta goce, ana sa yaro barci, a ja a maida ƙashi ana kallon allo, a soka tsinkaye masu kaurin milimita 1,6 zuwa 2, a sa filasta sassauƙa gwiwa ba ta wuce digiri 90 ba, a zare tsinkayen bayan mako 3 ko 4. Ana tsagawa ne kawai idan ƙashi ya ƙi komawa, ko ya huda fata, ko hannu ya yi fari da sanyi bayan an maida shi. Akwai kuma karayar dunƙulen gefen waje, ta biyu a yawa, wadda ke shiga cikin gaɓar: ita in ta goce fiye da milimita 2 ana kafe ta, domin takan ƙi haɗewa, hannu ya karkata waje, jijiya ta shanye bayan shekaru, kamar yadda Mouchet ya bayyana a 1914.

Fahimtar nakasar Volkmann ita ma ta ci gaba. John Murphy a 1914, da Paul Jepson ta gwajin dabbobi a 1926, sun nuna cewa matsin yana iya tasowa daga ciki: tsoka tana cikin jakar tantani mai tauri, in ta kumbura sai ta shaƙe kanta, kuma tsaga tantanin da wuri yana ceton ta. A 1975 Thomas Whitesides ya bayyana hanyar auna wannan matsi da allura. Tsokar da ta rasa jini takan fara mutuwa cikin kamar awa 6.

5. Harsuna biyu, matakai biyu

Wani ɓangaren tarihin ya shafe mu kai tsaye. A 1959 John Gartland na Philadelphia ya kasa wannan karaya gida uku: wadda ba ta goce ba, wadda ta goce kaɗan, da wadda ta goce sarai. A 1962 Lagrange da Rigault suka gabatar ma ƙungiyar likitocin ƙashi ta Faransa rahoto mai matakai huɗu, inda na huɗu ke nufin guntayen biyu ba su taɓa juna. Likitan da ya yi karatu da Faransanci da na biyun ya saba, wanda ya yi da Ingilishi kuwa da na farko. A 2006 aka ƙara ma tsarin Gartland nau'i na huɗu, mai nufin guntun da ke rawa gaba da baya. Saboda haka lamba 4 a takardar da aka rubuta a Maraɗi da lamba 4 a bakin likitan Katsina ko Kano ba abu ɗaya suke nufi ba, alhali majinyata suna ƙetare wannan iyaka.

6. Ƙasar Hausa

Fiɗar zamani ta iso yankinmu a hankali. An buɗe makarantar likita ta Dakar a 1918, asibitin Galmi a 1950, asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, makarantar ilimin lafiya ta jami'ar Yamai a 1974, sai asibitin yara na CURE a Yamai cikin 2010. Likitocin ƙashi da na'urar allo a manyan birane suke taruwa, shi ya sa yaron karkara da ya karye, maɗori ne yakan fara gani. Dalilan a bayyane suke: yana kusa, an san gidansu da sana'ar, kuɗinsa da sauƙi, kuma karaya da yawa suna warkewa lafiya a hannunsa.

Sai dai kayan aikinsa, watau karare ko ƴan sanduna da aka jera aka ɗaure da tsumma, su ne kayan da Volkmann ya yi kuka da su. A 1999 Onuminya da abokan aikinsa a Nijeriya suka wallafa maƙala a kan ruɓewar gaɓa bayan ɗorin gargajiya, abin da asibitocin Afirka da yawa suka sani. Daga nan wani zagaye ke ƙulluwa: ana kai yaro asibiti bayan hannu ya mutu, likita ya yanke, labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke hannu suke yi, na gaba ya ƙara jinkiri. A 2005 Eshete ya ba da rahoto daga kudancin Habasha cewa bayan an yi ma maɗora ɗan gajeren horo a kan haɗarin matsi, yanke gaɓa saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai. Tarihin Thomas ya riga ya nuna cewa gidan ɗori yana iya karɓar sabon sani.

A nan harshe yana da nasa hannu. Bahaushe ya bambanta karaya, da tsagewa, da gocewa, da targaɗe, kuma wanda aka ce ya yi targaɗe ja da murza ake yi masa. Amma ga ƙaramin yaro, igiyoyin gaɓa sun fi ƙashi da guringuntsin girma ƙarfi, don haka gwiwar da ta kumbura bayan faɗuwa karaya ce har sai hoto ya nuna akasi. Murza irin wannan gwiwa yana ƙara kumburi, yana kuma iya sa gaɓar ta sandare. Haka kalmar jijiya: ita ce ta jini, ita ce ta motsi da ji, ita ce kuma igiyar tsoka. Idan ma'aikacin lafiya ya ce ma uba jijiya ta taɓu, uban ba shi da hanyar sanin ko maganar watanni ce, kamar yadda jijiyar motsi takan farfaɗo da kanta, ko maganar awoyi ce.

7. Kammalawa

Daga takardar Masar zuwa 1947, masu magani galibi da ɗauri suke riƙe ƙashi, kuma likitan Turai da maɗorin Afirka haɗari ɗaya suka fuskanta. Tsinken ƙarfe ya raba riƙo da matsi, amma yana bukatar mai sa barci, da tsabta, da na'ura, da wutar lantarki, abubuwan da ba su kai ko'ina ba. Sanin da Volkmann ya bari kuwa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗori maimakon ya lafa, kukan yaro idan an miƙe masa yatsu, yatsun da suka kumbura ko suka yi sanyi ko suka daina ji, duk alamu ne na a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da ana jin bugun jini a wuyan hannu. Aikin da ya rage ma sassan nazarin harshe shi ne su zauna da likitocin ƙashi da maɗora, a tattara kalmomin da kowane ɓangare ke amfani da su a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a tsaida sunaye uku mabambanta ga abubuwa ukun da ake kira jijiya, sa'an nan a fitar da waɗannan alamu cikin Hausar da za a iya karantawa a gidan rediyo.